Katin Gayyata Zuwa Bakin Teku: Abin da Ya Kamata Baƙo Ya Sani Tun Yana Gida

Katin ɗaurin aure a Kano ko Katsina ko Maraɗi ba ya buƙatar dogon bayani. A sama Bismillah, sai sunayen gidaje biyu, sai ango da amarya, sai rana da lokaci da masallaci ko ƙofar gidan waliyyi, a ƙasa kuma a jera 'yan'uwa da abokai masu gayya. Ba a gaya wa mutum abin da zai sa, domin ya san babbar riga da hula. Ba a nuna masa inda zai yi salla, domin a ƙofar masallaci za a taru. Ba a ƙayyade masa mutanen da zai zo da su, domin ɗaurin aure ba ya cika. Kafin zuwan kati ma goro da alewa ake rabawa, mai rabo ya faɗi rana da bakinsa, kuma har gobe akwai gidajen da ba sa ɗaukar takarda a matsayin gayya sai an haɗo ta da goro. Al'ada ce ke ɗauke da rabin saƙon, takarda ta ɗauki ragowar.

Ranar da aka kai biki bakin teku, wancan rabin na al'ada ba ya bin mutane zuwa can. Baƙo bai san ƙofar da zai shiga ba, bai san ko mota na kaiwa ko sai an hau ruwa ba, bai san takalmin da zai iya taka yashi da shi ba, bai san inda magariba za ta riske shi ba, bai kuma san aljihun wa za a taɓa ba. Duk wannan sai kati ya faɗa. Abin takaici, da yawa daga katunan irin wannan biki da ke yawo a WhatsApp cike suke da hoton bishiyar kwakwa da igiyar ruwa da kalaman soyayya, amma in ka nemi abin da zai kai dattijo wurin ya kuma dawo da shi lafiya, sai ka rasa.

Bikin bakin teku ba namu ba ne tun asali. Amurkawa da Turawa ne suka yayata shi, masu barin garuruwansu na sanyi su tafi tsibiran Hawai ko Kankun a Meziko ko Jamaika su yi aure a gaban mutum ashirin ko talatin. Otal-otal suka mayar da abin sana'a, suna haɗa rumfa da furanni da mai ɗaukar hoto su sayar a kuɗi ɗaya. Daga nan ya bazu zuwa Zanzibar da Diani a kudancin Mombasa, ya zo Legas da Akra da Kiribi a Kamaru. Hausawa sun shigo ta ƙofa biyu. Akwai 'ya'yan zango, waɗanda aka haifa a Agege da Idi-Araba da Obalende, ko Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra, ko zangon Lome da Kwatano. Su teku maƙwabcinsu ne, can suke zuwa shan iska da salla ƙarama da babba. Akwai kuma masu hali daga Abuja da Kano da Kaduna, masu ɗaukar wani ɓangare na shagali su kai shi gaɓa. Ko ya dace a kashe wannan kuɗi ko bai dace ba, zance ne na wata rana. Amma duk wanda ya yanke shawarar yi, ya ɗauki nauyin mutanen da ya kira, kuma a kan kati nauyin yake farawa.

Ɗaurin aure ne ko liyafa?

Tambayar farko da kati zai amsa ita ce: me ake kiran mutum ya zo ya shaida? A mazhabar Malikiyya da muke bi ba a sharɗanta wani wuri ba. In akwai waliyyi da sadaki da shaidu, aka yi siga, aure ya ɗauru, ko a zaure ne ko a kan yashi. Amma a aikace da wuya ka ga an kwashi liman da dattawan gidaje biyu an kai su gaɓar teku don a shafa fatiha. Abin da aka fi yi shi ne a ɗaura a gida, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ko Asabar da hantsi, sannan bayan 'yan kwanaki a tafi teku a yi liyafa. To kati ya faɗi haka ƙarara. Dattijon da ya baro Zariya, ya biya kuɗin jirgi yana zaton zai shaida ɗaurin auren 'yar ƙaninsa, ya iso ya tarar an ɗaura tun makon jiya, yanzu kiɗa ne da yankan kek, an shiga hakkinsa ko da ba da niyya ba.

Ga Kiristoci ma akwai wannan rarrabewa. Dokar aure ta Najeriya ta tanadi cewa auren rajista ana yin sa ne a ofishin magatakarda ko a wurin ibada mai lasisi, bayan an liƙa sanarwa ta kwana 21, kuma wanda yake son wani wuri daban sai ya nemi izini na musamman. Cocin Katolika kuwa a coci take ɗaura aure, in za a fita waje sai bishop ya amince. Shi ya sa ko a ƙasashen da abin ya samo asali, da yawan ma'aurata a garinsu suke sa hannu a takarda kafin su hau jirgi, abin da ake yi a bakin teku ya zama shagali da addu'a.

Mafita mai sauƙi ita ce kati biyu. Na farko na ɗaurin aure, irin wanda kowa ya sani, a raba wa kowa da kowa. Na biyu na liyafa, ga waɗanda aka yi wa tanadin kujera kaɗai. Shi kansa na biyun ya ci gaba da fitowa daga bakin iyaye. Salon da ake kwafowa daga intanet, inda ango da amarya ke gayya da kansu cikin zancen soyayya, yana da nauyi a kunnen manyanmu, domin a wajenmu gida ke aurar da 'ya, gida ke karɓa. Ana iya cewa:

"Iyalan Alhaji Wane da na marigayi Malam Wane suna farin cikin gayyatar Alhaji Wane da maiɗakinsa zuwa liyafar auren 'ya'yansu, Wane da Wance, wanda za a ɗaura in Allah ya yarda ranar Juma'a kaza ga wata a masallacin unguwa kaza. Liyafar za ta kasance ranar Lahadi kaza ga wata, daga ƙarfe 4:15 na yamma zuwa magariba, a bakin teku, wuri kaza. Cikakken bayanin hanya da sutura da masauki yana bayan wannan kati."

Ba a rasa komai na mutunci ba, an kuma gaya wa mutum gaskiya tun a layi na uku.

Lokaci a hannun teku yake

Mu mutanen tudu mun saba kogi ya cika da damina ya ja baya da rani. Teku kuwa a yini da dare guda yakan cika sau biyu ya janye sau biyu. Tsakanin cika da cika akwai kimanin awa 12 da minti 25, saboda haka lokacin cikar yana jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Wanda ya je duba wurin biki ranar wata Asabar da la'asar ya ga fili fetal, kada ya ɗauka haka zai same shi Asabar mai zuwa a wannan lokacin. Mai yiwuwa inda ya ƙudurta kafa rumfa ruwa ne ke wasa a kai.

A nan lissafin watan Musulunci yana da amfani ƙwarai, domin wata ne babban mai jan ruwan. A kwanakin tsayuwar wata, da kuma tsakiyarsa, wajen 14 da 15, teku ya fi cika ya kuma fi janyewa. A wajen 7 da 8, da 22 da 23, bambancin yakan ragu. A Legas tazarar cika da janyewa ba ta da yawa, wajen mita guda ce, sai dai igiyar Atlantika tana da ƙarfi, kuma akwai jan ruwa mai fizgar mutum zuwa ciki. A Zanzibar kuwa tazarar takan kai kusan mita 4. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa kan ja baya ɗaruruwan mitoci har mata su shiga su duba gonakinsu na ciyawar teku, in ya dawo kuma a wasu wuraren har gindin katangar otal yake kaiwa, yashin ya ɓace ɗungum. A arewa, wajen Nungwi da Kendwa, abin ya fi sauƙi. Ana buga jadawalin cikar teku na shekara guda tun kafin ta kama, kuma masu otal da masu jirage suna da shi. A duba shi kafin a sa rana, ba bayan an buga kati ba.

Sai rana. Kusan duk katin bakin teku yana alkawarin kallon faɗuwar rana, amma ba kowace gaɓa ce ke fuskantar yamma ba. Gaɓar Legas da ta Akra kudu suke kallo, rana tana faɗuwa ne ta hannun daman mai fuskantar ruwa. A Paje fitowar rana ake gani a kan teku, faɗuwarta kuma bayan gari. Mai son ta nutse a gabansa sai ya nufi Kendwa ko wani wuri a yammacin tsibirin. Kuma a duk waɗannan garuruwa na kusa da tsakiyar duniya duhu ba ya jinkiri: rana na faɗuwa, cikin minti ashirin da 'yan kai an daina gane fuska. A Legas rana kan faɗi tsakanin wajen 6:25 a watan Nuwamba zuwa 7 da 'yan mintuna a watan Yuli. Ke nan biki na da ɗan tsakanin la'asar da magariba, awa biyu da rabi ko uku. Ɗabi'armu ta rubuta ƙarfe huɗu a fara ƙarfe bakwai ba ta da gurbi a nan, kuma kati ya faɗi dalili, domin mutane sun fi kiyaye lokaci in sun san abin da ke bayansa: "Don Allah a kiyaye lokaci. Wuri ne na fili, da magariba za a tashi."

Magaribar kanta tana son layi guda a kati. Faɗuwar ranar da masu hoto ke jira ita ce lokacin salla, kuma baƙo Musulmi zai so ya san an tanadi tabarmi da butoci da wurin da mata za su keɓe. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, amma ba wanda zai so ya ga tsohuwa ta nufi bakin igiya da duhu tana neman ɗiba. A sa wani ya kula da alƙibla kuma. Mun saba cewa gabas, kuma daga Legas arewa maso gabas ce, amma a Zanzibar Makka tana arewa sak, wanda ya fuskanci mafitar rana ya kauce.

In biki a wata ƙasa ne, a rubuta cewa agogon can ake nufi. Akra tana bayan Najeriya da awa ɗaya, Zanzibar da Mombasa suna gaba da awa biyu. Masu jin Suwahili kuma daga wayewar gari suke fara ƙirga awoyi, abin da muke kira ƙarfe huɗu na yamma su ƙarfe goma suke ce masa, don haka a rubuta lokaci da lambobi a ƙara da "na yamma" ko "na safe", kada a samu saɓani da direba. Damina ma ba irin tamu ba ce. A Zanzibar ruwa mai yawa daga Maris zuwa Mayu yake sauka, sai ɗan kaɗan wajen Nuwamba. A Legas Yuni ne ya fi ruwa. A Akra akwai wata guda, galibi daga Mayu zuwa Yuni, da sarakunan gargajiyar ƙabilar Ga ke hana kiɗa da hayaniya gabanin bikinsu na Homowo, kuma ba sa wasa da wannan doka. Disamba da Janairu sun fi dacewa da gaɓar Legas, sai dai lokacin ne hazon hunturu ke hana jirage tashi daga Kano da Kaduna, don haka a shawarci baƙi su iso da kwana guda a gaba. Ko yaushe aka sa, kati ya ambaci inda za a koma in hadari ya taso.

Hanya, da abin da ke kan hanya

Rubuta "bakin teku, Legas" daidai yake da rashin rubuta komai. Gaɓar jihar doguwa ce, daga Badagiri har bayan Ibeju-Lekki, kuma wuraren suna sauyawa. Bar Beach da iyayenmu suka sani ya shige ƙarƙashin ginin Eko Atlantic. A ƙarshen Afrilun 2024 an rushe wurin shaƙatawa na bakin teku na Landmark saboda aikin babbar hanyar gaɓa daga Legas zuwa Kalaba. Wanda ya dogara da tunanin zuwansa na shekarun baya zai iya ɓata. A rubuta sunan wurin, da ƙofar da za a shiga, da wata alama da direban tasi zai gane, da kimanin tsawon tafiya daga filin jirgin sama na Ikeja, tare da gargaɗin cunkoson hanyar Lekki zuwa Epe, wadda takan cinye awoyi. Wurare irin Elegushi a Legas da Labadi a Akra ana biyan kuɗin shiga. In mai biki ya biya, ya rubuta cewa an biya, a nuna kati a ƙofa. Babu daɗi mutum ya sha ado ya zo da iyalinsa, a tsayar da shi a bakin ƙofa ana ciniki.

Wasu wuraren, kamar Tarkwa Bay da Ilashe, mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa. Wannan shi ne bayanin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi ɓoyewa cikin ƙananan haruffa, ko a bar shi sai ranar. Ka tsaya a tashar jirgin ka gani. Ga Hajiya 'yar shekara saba'in cikin leshi da mayafi, gwiwa na damunta, ga tsanin katako ya jiƙe, ga jirgi na tangaɗi, ana miƙo mata rigar kariya ana cewa ta ɗora a kan adonta. Tun da take ba ta taɓa hawa ruwa ba. Ta juya ta dubi ɗanta ta ce, "Ai ba ku gaya mini ruwa za a hau ba." A wannan lokacin ko ta shiga cikin tsoro ko ta koma masauki cikin ɓacin rai, kuma duka biyun layi ɗaya a kati zai hana su.

Tsoron nata ba na banza ba ne. A watan Yunin 2023 jirgin da ya ɗauko 'yan biki daga wani ƙauye a jihar Neja ya kife cikin dare a kogin Kwara, a yankin Patigi, mutum fiye da 100 suka rasu. Gajiyar biki, da ɗokin komawa gida, da cika jirgi fiye da ƙima, da duhu, su ne ke haɗuwa a irin wannan dare. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da takwararta ta Legas, LASWA, sun wajabta rigar kariya, sun kuma hana ƙananan jiragen fasinja tafiyar dare. Saboda haka in akwai tsallaka ruwa, a rubuta shi da manyan haruffa: sunan tasha, tsawon tafiya, lokacin tashin jirgi na farko da na ƙarshe, lokacin dawowa tun da sauran haske, da cewa akwai rigar kariya ga kowa har yara. Tekun ma ba abin wasa ba ne ko ga wanda ke tsaye a gaɓa. A Agustan 2012 tumbatsarsa ta afka wa Kuramo a Legas ta yi sanadin rasa rayuka. Layin da ke cewa "Ba a shiga ruwa, a riƙe yara" bai ɓata kyawun kowane kati ba.

Batun sutura ya fi sauƙi, amma shi ma kada a bar mutane su yi ta zato. Takalmi mai tsini nutsewa yake a yashi. Iskar teku tana ɗaga babbar riga, tana tuge hula, tana wasa da gyale, ruwan gishiri kuma yana ɓata shadda da leshi mai nauyi. Abin da ake kwafowa na cewa a zo ba takalmi ko cikin kayan shan iska bai dace da taron da surukai ke ciki ba. Ya isa a ce: "Wurin yashi ne kuma akwai iska. Muna ba da shawarar takalmi marar tsini da yadi marar nauyi. Mata a zo da abin maƙale mayafi." In akwai anko, a zaɓi atamfa ko yadi mai shan iska, a faɗi launi, a kuma bayyana cewa ba dole ba ne.

Aljihun wa?

Nan ne kunya ke hana mutane magana, kuma nan ne zumunci ya fi samun rauni. A al'adarmu wanda ya gayyace ka daga wani gari shi zai sauke ka ya ciyar da kai. Baƙon da ya ga kati zuwa Zanzibar yana da hujjar zaton an tanadar masa tikiti da ɗaki. A al'adar waɗanda suka ƙirƙiro abin kuwa, kowa shi ke biya wa kansa. In kati ya yi shiru, kowane ɓangare zai tafi da nasa zaton, sai an je a ji kunya. A rubuta dalla-dalla abin da gida ya ɗauka da abin da bai ɗauka ba: "Mun tanadi masauki na kwana biyu da abinci da motar ɗauko baƙi daga filin jirgi. Kuɗin jirgi yana kan mai zuwa." Wanda ya karanta wannan zai auna ƙarfinsa a ɗakinsa, ba tare da kowa ya gani ba.

Tafiya ƙasar waje tana da nata takardu. Zuwa Gana ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza saboda yarjejeniyar ECOWAS, amma yana buƙatar katin rigakafin cutar shawara. Zuwa Tanzaniya sai da biza, ba kuma a kwana ɗaya take fitowa ba, ga katin rigakafin, ga kuma inshorar dole ta dala 44 da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa baƙi daga 1 ga Oktoban 2024. Galibi kuma sai an ya da zango a Adis Ababa ko Nairobi. Ba a fafe gora ranar tafiya: kati irin wannan wata uku kafin biki ya kamata ya isa hannun mutane, sanarwar rana kuma tun kafin haka, ba mako biyu da muka saba ba.

Sai adadi. Mun taso a kan cewa bikin farar kaza balbela ba gayya, kuma wannan kyakkyawar ɗabi'a ce a ƙofar gida, inda za a ƙara tabarma a ƙara tuwo. Jirgin ruwa mai kujera talatin ba ya karɓar mutum talatin da biyar, otal kuma da kai yake lissafi. Dole ne a ƙayyade, amma akwai yadda ake faɗa. Jumlar Turancin nan da ake bugawa a ƙasan kati da jan rubutu, mai nufin in ba a gayyace ka ba kada ka zo, tana da kaushi. Gara a rubuta sunan wanda aka gayyata da hannu, a ce "Wannan kati na mutum biyu ne, saboda kujerun jirgi a ƙirge suke. A yi mana afuwa." Haruffan nan huɗu na Faransanci, RSVP, da yawanmu sun ɗauke su jerin sunayen manyan abokan ango ne kawai. A mayar da su Hausa yadda za su yi aiki: "Don Allah a sanar da mu zuwa ko rashin zuwa kafin kaza ga wata," sai lambar mutum ɗaya wanda zai ɗaga waya da gaske.

Akwai abin da ya fi wannan duka nauyi a wajena. Amsa gayyata yana cikin hakkokin Musulmi a kan ɗan'uwansa, kuma hadisi ingantacce ya zargi walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa. Biki a bakin teku, ko an so ko ba a so ba, tace mutane yake yi da kuɗi. Gwaggon da ta yi renon amarya, da maƙwabcin da ya yi shekara talatin yana amsa sallamar gidan, su ne za a bari a baya. Don haka ina ganin bai kamata katin teku ya fita shi kaɗai ba. A yi walima a gida, ta sosai, ba ta cika sharaɗi ba, a sa ranarta a kan katin kowa. A kan na teku kuma a ƙara layin da zai sauke wa mutum nauyi: "Mun san tafiya ce mai nisa. Wanda bai samu dama ba, addu'arsa ta wadatar, muna kuma jiransa a walimar gida."

Harshe da mai kai saƙo

Kati na iya zama da Hausa a fuska ɗaya, Turanci ko Faransanci a ɗayar, amma bayanin hanya da lokaci da tsaro ya fito cikin harshen da mafi tsufan baƙi ke karantawa. A nemi mai bugawa ya sa ƙ da ɗ da ɓ yadda suke. A kuma rage ado: rubutun zinare mai lanƙwasa a kan hoton yashi ba ya karantuwa ga mai raunin ido. Ayar Suratur Rum da aka saba sawa a katin aure, da Bismillah, a yi tunani kafin a buga su a takardar da za a nuna a ƙofa, domin a bakin teku iska ce ke kwashe irin waɗannan takardu, a wayi gari suna cikin yashi ana takawa. Ana iya barin su a kan babban kati da zai zauna a gida, katin shiga ya zama suna da lamba kawai.

WhatsApp yana da amfani wajen tura taswira da sanar da sauyi, saƙon murya kuma ya fi isa ga wanda karatun boko bai dame shi ba. Amma manya ba a tura musu hoto a ce an gayyace su. Ana zuwa ne, da goro da kati, a durƙusa a gaisa, sannan a ce: "Baffa, ɗaurin aure dai nan gida ne ranar Juma'a, kai ne ma kan gaba. Yaran sun shirya ɗan taro a Legas, a bakin ruwa, har da hawa jirgi. Mun kawo maka kati don girmamawa. In jiki zai iya, mun tanadi komai. In ba zai iya ba, albarkarka muke nema." Da haka an ba shi girmansa, an kuma buɗe masa ƙofar cewa a'a ba tare da ya ji nauyi ba.

Ga iyaye da ma'aurata da masu shagon buga kati: kafin a kai aiki inji, a fitar da kwafi ɗaya a miƙa wa wani dattijo ko dattijuwa a dangi wanda bai taɓa ganin teku ba. A roƙe shi ya karanta, sannan ya faɗi yadda zai je, da abin da zai sa, da nawa zai kashe, da inda zai yi magariba, da lokacin da zai dawo masauki. Duk tambayar da ya kasa amsawa, a koma a gyara katin kafin a buga.